Ruwan Allon Kawu

Abin da na fara gani a gidan Kawu, a unguwar Harobanda da ke ƙetaren kogi, baƙin allo ne jingine da bangon zaure, ya fi ni tsawo, cike da rubutun alli. Fari ne ya koro mu daga Tawa, ni da Kaka. Sojoji sun tsare motarmu a bakin gada, Kaka kuwa ba su take kallo ba, kogi take kallo tana tasbihi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, malamin lissafi a jami'a. A lokacin soja sun rufe makarantarsu saboda boren ɗalibai, sai ya koma aiki a gida. Ya yi watanni yana bin wata mas'ala a allon nan, bai kwafe ta a takarda ba, don ya ce bai gama yarda da ita ba. Doka ɗaya ce a gidan: kada kowa ya taɓa allo.

Ni ba mai magana ba ce. In na dawo daga lakwal, makarantarmu ta boko, sai in zauna bakin ƙofa ina tsince tsakuwa daga jar dawar taimako da ake rabawa saboda fari, ina satar kallonsa. Wata rana ya ce, "'Yata, ara mini awarwaronki."

Ya ɗauko zaren ɗinkin Tanti, matarsa. Ya ce in ɗauka zaren ba ya da ƙarshe. Tabarmi nawa za su rufe shi? Na ce ba sa ƙirguwa. Sai ya yi ta naɗa shi a jikin awarwaron, zagaye bisa zagaye, har wuraren da ke nesa da juna suka hau kan juna.

"Yanzu fa? Kowaɗanne tabarmi aka shimfiɗa suka rufe shi, komai ƙanƙantarsu, za ki iya zaɓar masu ƙirguwa a ciki su wadatar. Irin wannan wuri nake kira dunƙulalle."

Tambayarsa, in ji shi, ita ce abin da awarwaro zai iya faɗa maka game da zaren da aka naɗa masa. Rabin maganar ya wuce ni. Na dai lura alli ya tsattsage masa gefen babban yatsa.

Ana gobe jarrabawarmu, na dawo na tarar da rabin allon baƙi wuluk, yana ɗiga. Kaka na zaune da ƙwarya a cinya. Ta wanke rubutun a ciki kamar yadda malamin garinmu ke wanke nasa allon a ba mutum ya sha. Ita da ke alwala da ruwan da bai cika ludayi ba, ta ba da ƙwarya guda.

"Yi bisimilla ki shanye, ƙawata," ta ce.

Na sha. Garin alli ya tsaya mini a maƙogwaro.

Da Kawu ya shigo, ya daɗe tsaye bai cire hula ba. Tanti ta leƙo daga madafa ta koma.

"Inna," ya ce a hankali, "wata nawa ke nan kika wanke."

"Kai ɗan nan, ilimi a jikin katako wa zai amfana? Kaji? Na zuba shi inda zai tsira."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai zuci ba, ya zauna a turmi. Bai ci tuwon ranar ba. Kwanaki suka wuce allin na kwance a taga, har ƙura ta hau shi, rabin allon kuma na nan fayau. Kaka ta fara tambayar Tanti a ɓoye ko ɗanta ba shi da lafiya.

Ranar Juma'a bayan masallaci na same shi a zaure yana kallon wurin da aka wanke. Na cire awarwarona, na ɗauko alli, na ajiye su a gwiwarsa. Sai na ce masa:

"Kawu, don Allah ka sake farawa daga zaren. Ka yi a hankali, ni zan zauna in ji."