Furen Amamata a Kunyar Yakuwata

Amamata maƙwabciyata ce a unguwar Catford, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa jininmu bai haɗu ba. 'Yar zangon Kumasi ce, shekara ashirin tana aikin kula da tsofaffi a Landan. Wata Baturiya da ta yi jinyarta har ta rasu ta bar mata tukunyar fure, mai shuɗin kai kamar 'yan ƙananan ƙararrawa. Wasu agogo suke gada, ita fure ta gada, kuma ta riƙe shi kamar an ba ta amanar maraya. Ta dasa shi a bayan gida, jikin shingen katakon da ya raba mu. In ta dawo daga aiki, ko takalmi ba ta cirewa sai ta leƙa shi.

Ni kuwa yakuwa nake shukawa a nawa gefen. Innata ce, Allah ya ji ƙanta, ta ƙulle min irin a leda a zuwana Bichi na ƙarshe. Sanyin garin nan ba ya barin yakuwa ta yi iri, don haka kaɗan-kaɗan nake ɗiba kowace shekara. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Bara sai ga ganyen furenta a tsakiyar kunyata. Saiwarsa ce ta ratso ta ƙarƙashin shinge. Na ƙwala mata kira.

"Maman Jamal, abinki ya shigo min gona."

"Hajiya, kada ka sare shi," ta ce da Hausarsu ta zango. "Bari weekend in zo in tone shi da hannu, small small."

Wai ni za a koya wa noma, ni da na riƙe fartanya tun kafin in shiga makaranta. Haushi ya turnuƙe ni. Ban jira ta ba, na sassare saiwar gunduwa-gunduwa, na juya ƙasa na bar ta, yadda muke yi wa ciyawa a gida rana ta ƙarasa ta. Na manta nan ba ranar Bichi ba ce, kwana biyu sai yayyafi.

Bana a watan Mayu na zuba sauran irin gaba ɗaya. Ashe kowane guntun saiwa da na yanka ya kama. Yakuwata ta leƙo da 'yan ganye bibbiyu, furen ya danne ta. Zuwa Yuli kunyar ta zama shuɗi daga wannan kai zuwa wancan.

Ranar da na fito ina kallon ɓarnar, Amamata ta jingina da shinge, kofin shayi a hannu.

"Ni guda ɗaya na shuka, Hajiya. Sauran duka kai ka shuka."

Na juya na bar ta a wurin. Na shiga kicin na ɗauko ledar Inna, na zazzage ta a tafin hannuna, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Har yau in mun haɗu a tashar bas, wayata nake dubawa.