Gwaggo, Wadda Ta Fifita Yatsa a Kan Silikon

Kafin kowa ya iso ɗakin gwaje-gwaje, Gwaggo ta riga ta kunna fankar da ke zuƙe tiririn asid, ta leƙa tulun iskar naitirojin, sannan ta zauna tana hura safar hannu ɗaya bayan ɗaya kamar balan-balan, ko za ta kama mai huda. Ɗalibai sun sha yi mata dariya kan wannan hure-huren. Ita ko a jikinta. Haka ta shafe shekaru tana kula da kayan aikin ɗakin, ga shi yanzu za ta yi ritaya.

Aikin ɗakin ba na mai garaje ba ne. Fallen silikon, ma'adinin da ake haɗa kayan lantarki da shi, ake tsomawa cikin asid, ya ci shi ya bar masa ƙananan ramuka kamar soso. To, wannan soson ba ya shiri da iska. Da ya sha ta sai fuskarsa ta fara lalacewa, launinsa ya dushe. Don haka da an tsamo shi ake hanzarta lulluɓe fuskar da sinadarin kabon a inda iska ba ta shiga, don ya daɗe bai canza ba.

A daidai wannan gaɓar abin ya sami Dogo, ɗalibin digiri na uku da ya yi wata da watanni yana fama. Ran da launin da yake nema ya fito masa, murna ta sa ya goga hannu a kaifin fallen, safar ta tsage, asid ya taɓa yatsarsa. Asid ɗin nan mugu ne, ba ya zafi da farko, shiru yake ratsa fata har ƙashi. Gwaggo ta gani.

"Gwaggo, don Allah ki bari in lulluɓe shi tukuna! Wallahi ko zafi ba na ji."

"Rashin zafin ne ke ba ni tsoro, ɗan nan. Wuce famfo!"

Waɗanda ke wurin sun ce gajeriyar matar nan ta cafki hannun rigar ƙaton ta ja shi kiii har bakin famfo. Ta wanke yatsar, ta zaro man kashe dafin asid da ba ya rabuwa da aljihunta ta shafa, ta tasa shi zuwa asibiti. Silikon ɗinsa kuwa ya sha iska ya ƙoshi a kan tebur.

Dogo ya yi kwana da kwanaki yana ɗaure mata fuska, gaisuwa ma da ƙyar. Bai sauko ba sai da likita ya gaya masa cewa da ya ɗan ƙara jinkiri, da yatsar ba tasa ba ce. Ya zo ya durƙusa gaban Gwaggo.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji ta. "Ɗauko sabon falle mu sake."

Suka sake, har aikin ya yi kyau.

Gwaggo, ke ce garkuwar ɗakin nan. Sunanki bai taɓa fitowa a saman takardun bincike ba, amma muna alfahari da ke, kuma ba mu jin nauyin faɗa. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma da za ku gaje ta, ku iya haƙura da ɓacin ran ɗalibi. Dogo da kansa ya rubuta jawabin bankwananta, da yatsunsa cif.