Ɗiban Gwamna

Duk wanda ya taɓa sayen masa a kasuwar Taminus ta Jos ya san Hasiya, ya kuma san ba a tsokanarta. Masarta laushi, bakinta kuwa barkono. Ba haka aka haife ta ba. Yaƙin Turawa ne ya mayar da ita haka, yaƙin da ko ƙarar bindigarsa ba ta ji ba.

A tsakiyar yaƙin nan aka shiga ƙauyensu a ƙasar Zazzau aka kwashi maza zuwa haƙar kuza a Jos, wai ana buƙatarta don makamai. Ɗiban gwamna ake ce wa abin, domin ba a tambayar mutum, ɗibarsa ake yi. Mijinta Datti yana cikin gona aka tasa ƙeyarsa. Ta biyo shi da tandarta. Sanyin duwatsun nan da aiki cikin ruwa suka shiga ƙirjinsa, bai ga ƙarshen damina ba. Ko hotonsa ba ta da shi.

Shekaru bayan haka motar majigi ta fara zagaya unguwanni da fim ɗin yaƙin, ana kafa farin ƙyalle bayan magariba. Hasiya ta je sayar da masa ne kawai. Aka nuna jirage, aka nuna gidaje na ci da wuta, sai ga ramin kuza, ga mutane a jere da kwanon ƙasa a ka. Na ukunsu ya waiwayo yana murmushi. Datti ne, har da wushiryarsa.

Raimi, Bayarabe mai fassara a lasifika, ya ce, "Ga 'yan sa kai na ƙasarmu, da murna suka zo taimakon Sarkin Ingila."

Murna! Mutumin da aka ɗauke daga kan kunya, fartanyarsa a yashe, shi ne ɗan sa kai? Ran Hasiya ya ɓaci. Ta miƙe ta ce, "Ƙarya ne. Ɗibarsu aka yi."

Daga ranar duk inda motar ta sauka, unguwar Laranto ce ko bayan gari, tana can. Ta zauna shiru har Datti ya waiwayo, ta cika idonta da shi, sannan ta ƙaryata lasifika. Tsofaffin leburori suka fara taya ta. Kallo ya koma hayaniya.

Raimi ya same ta a bakin tanda. "Mama, ka yi haƙuri. Abin da oga ya ba ni shi nake faɗi."

"Malam Raimi, kalma ɗaya nake so ka gyara. Ka ce an ɗebe su. Ko kuwa bakin naka ma na haya ne?"

Ya yi alkawarin kai maganar ofis, kuma ya kai, Allah ya sani.

Da majigi ya dawo, Hasiya ta ɗaura sabon zane ta zauna a gaba. Jirage suka wuce, wuta ta ci gidaje, ƙyallen ya ɗan ƙyafta, sai ga sojoji suna fareti. Babu rami, babu leburori. Gyaran da manya suka iya ke nan: sun sa almakashi.

Bayan an tashi, Raimi ya zo yana sosa ƙeya. "Mama, sun cire wajen. Ba za ka sake jin maganar ba."

"Ina guntun da suka yanke?"

"An ƙona."

Ta daɗe tana kallon ƙyallen da ake naɗewa. Sannan ta ɗora tandarta a ka.

"Sau biyu ke nan," in ji ta, "suna ɗauke mini shi ba su tambaye ni ba."