Wanda Aka Bari a Tsibiri

Ni ba ma'abociyar kallon fim ba ce. Amma yayana Bashari yana da ɗan shago kusa da kasuwar kifi a Yelwa, inda yake tura wa mutane fina-finai a waya, kuma duk ranar da na fito cefane sai na raɓa na huta a bencinsa. Ran nan na tarar samari sun yi masa rumfa, yana nuna musu tallar wani fim na matattun nan masu tafiya da ake ce wa zombi. Na ce bari in leƙa in ga abin da ya hana 'ya'yan mutane zuwa aiki.

An fara lafiya lau. Wata uwa tana ɗaura wa 'yarta takalmi, rana ta fito, kowa yana dariya. Sai rediyo ya fara shaƙewa, mai labarai yana cewa kowa ya zauna a gida. Allon ya yi baƙi ƙirin, aka buga ganga ɗaya mai nauyi. Ga titi cike da motoci, ƙofofi a buɗe, babu ko mutum. Ga hannuwa suna lalube a jikin gilashi. Daga nan sai gudu da ihu, ana yanka hoton guntu-guntu har idona ya fara ruwa. Can kusa da ƙarshe komai ya lafa. Aka nuno wani mutum a lungu shi kaɗai, ya duba cizon da ke hannunsa, ya waiga, ya ja hannun riga ya rufe. Sai ga matarsa tana kuka tana danna masa ƙofa. Sunan fim ɗin ya fito.

Bashari ya ce duk haka suke, ko ɗari ka kalla. Dole a sami wanda aka ciza ya ɓoye, dole kuma a rufe masa ƙofa. Samarin suka ce a tura musu. Ni kuwa tun daga wurin jan hannun rigar nan hankalina ya bar shagon, ya koma gidanmu na ƙauye a bakin ruwa, can wajen Warra, ina 'yar shekara tara.

Kakarmu ta wajen uba sana'arta banda kifi. Idan jiragen su Baba suka dawo da tarwaɗa da karfasa, ita ce mai jera su a kan ragar waya, a hura wuta a ƙasa, a yi ta juyawa har su bushe. Aikin yana son hannu da yawa, mu kuma jikoki ba ma son aiki. To Kaka ta san maganinmu. Tun da hantsi, tana fere kifi ko tana tsefe kai, sai ta yar da magana kamar ba da mu take ba: "Yau akwai wani mutum da inuwatai tar riga shi shiga gida." Shi ke nan, ta ja baki ta rufe. Ko me za ka yi mata ba za ta ƙara ba. Kafin la'asar mun tara mata itace ya kai ƙugu, da an sallame magariba kuma mun zagaye murhun banda, hayaƙi yana cin idanunmu, muna juya kifi muna jira. Abin da masu fim suke kashe dukiya a kai, tsohuwar nan da guntun goro a baki take yin sa.

Sai ta ƙwanƙwasa itace a jikin murhu, ta ce, "Ga wata ta taso daga tsakiyar ruwa." Mu ce, "Ta kawo gaɓa mu gani."

Tatsuniyar da ta fi razana mu ita ce ta Masu Jan Ƙafa. Wai wani baƙo ne ya fito daga daji ya shigo wani gari na masunta, idanunsa jajur, bakinsa yana dalala. Aka kawo masa ruwan baƙunta, ya buge ƙwaryar, ya ciji wanda ya kawo. Duk wanda aka ciza, sai ya daina cin abinci, ya manta sunan uwarsa, ya fara jan ƙafa, ya nemi wanda zai ciza. Abu ɗaya suke tsoro, ruwa. Don haka mutanen garin suka ruga jirage. A jirgin ƙarshe akwai wani saurayi, Tanko, wanda ya tsaya ɗora yara har aka cije shi a ƙafa. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya yi shiru, ya kama tuƙi. Suna tsakiyar ruwa wata mata ta ga jini a ƙasan jirgi. Mai jirgi bai yi shawara da kowa ba, ya karkata zuwa wani tsibiri na yashi, aka sauke Tanko. Suna tafiya yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har muryar ta koma ba tasa ba.

A nan Kaka take tsayawa, ta ce, "Nan jirgina ya kai gaɓa." Mukan tafi kwana muna riƙe da zanen juna. Bashari, wanda ya girme ni da shekara biyu, shi ne ya fi kowa son tatsuniyar nan. Shi yake jan ƙafa a tsakar gida yana bin mu, muna ihu, har sai Inna ta ɗauko muciya.

Wata rana da azahar, wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta ba ta ko yi sallamar kirki ba. Ta ce mazajensu sun kashe wani mahaukacin kare a mashaya da safe, ya ciji maraƙi biyu. Ta ce jiya da yamma ta hango karen ya kayar da wani yaro a bakin ruwa, yaron ya tashi yana ɗingishi ya nufo unguwarmu. Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da cizon mahaukacin kare yake yi. In ba a kai mutum allura da wuri ba, ranar da ya fara gudun ruwa magana ta ƙare, babu asibitin da zai dawo da shi.

Inna ta tara mu tana ɗaga mana riguna, tana juya mu kamar kifin Kaka. Sai a lokacin muka tuna Bashari ya kwana da dogon wandon sallarsa, ya tashi da shi, cikin wannan zafi. Aka waiga, babu shi. Yana zaure lokacin da matar take magana, ya ji komai.

Aka shiga nema. Baba da ƙannensa suka bi gaɓa, wasu suka shiga gonakin shinkafa, wasu suka ɗauki jirgi. Inna tana tafe tana ƙwala kiransa har muryarta ta dushe. Na ji Baba yana rantsuwa cewa in ya kama shi sai ya ɗaure shi, kuma na san tsoro ne yake magana, amma duk wanda ke ɓoye kusa ya ji wannan rantsuwar. Rana ta yi ta sunkuyawa, ba Bashari, ba labarinsa.

Kaka ba ta je ko'ina ba. Ta zauna a kan turmi ta haɗa tagumi, ta daɗe. Can ta kira ni, ta ce, "Ke Luba, shekaranjiya wace tatsuniya niy yi muku?"

Na ce, "Ta Masu Jan Ƙafa."

Ta rufe ido. Ta ce, "Ni na kore shi."

Ban gane ba a lokacin. Na dai ga ta tashi ta ɗauki sandarta, ta fita bayan gida, ta bi ta wajen rumbuna, ta gangara inda ake kife tsofaffin jirage, tana tafe tana magana da ƙarfi, ita da ba ta ɗaga murya. "Yau ina hwaɗin abin da yas samu Tanko bayan an bar shi tsibiri. Ban taɓa hwaɗi ma kowa ba. Wanda bai ji ba yau, ya rasa." Ta yi ta maimaitawa har ta zagayo. Matan maƙwabta suka bi ta da kallo. Inna ta fashe da kuka, ta ce, "Kaka, ɗana ya ɓace, ke kina tallar tatsuniya?" Kaka ta ce a hura wuta.

Ranar ba a murhun cikin gida muka zauna ba. Ta sa aka hura na waje, wanda ke fuskantar gangaren jirage, ta kuma hana kowa kunna tocila. An yi magariba, mazan ba su dawo ba. Muka zauna mu jikoki, babu mai motsi. Ni haushinta nake ji, ina kuma jin tsoro. Ta ƙwanƙwasa itace, ta yi buɗewarta, muka amsa da ƙyar.

Ta ce Tanko yana da kaka, ita ma tana cikin jirgin nan, amma tsufa ya sa barci ya ɗauke ta. Da suka kai tsallake ta farka ta ƙirga mutane, ta ga babu jikanta. Aka gaya mata abin da aka yi. Ta zage mai jirgi tas, ta ce yaron da ya tsaya ɗora 'ya'yanku shi za ku yar? Ta nemi wani mai magani a garin, ya ce mata cizon yana da magani, muddin an kawo mutum yana iya shan ruwa. Sai ta kwance jirgi ita kaɗai, ta kama tuƙi, ta koma.

Wani ƙanenmu ya ce, "Kaka, ba haka take ba. Ai ya zama mai jan ƙafa."

Ta ce, "Kai kaz zo da ita ko ni? Rihe min baki."

Ta ci gaba, muryarta tana ƙara tashi, fuskarta ba wajenmu take ba. Ta ce tsohuwa ta isa tsibiri, ba ta ga kowa ba, don Tanko ya ɓuya, yana zaton an zo kashe shi ne. Ta tsaya a bakin yashi ta ce, "Angona, ni ce. Ƙahwahuna ba su iya hawan tudu. Ga jirgi, ga ni. In ba ka hito ba, nan za ni kwana, nan za ni mutuwa."

Sai Kaka ta yi shiru.

Muka jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Itace yana ƙara a wuta, kwaɗi suna ta yi a fadama. Kifin da ke kan waya ya fara ƙauri, na miƙa hannu zan juya, ta riƙe mini hannu. Tafinta ya jiƙe sharkaf da gumi. Wannan ne karo na farko da na san manya ma suna jin tsoro. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta cusa gefen mayafi a baki. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, na dai san kifin ya ƙone har ya kama da wuta, babu wanda ya kula.

Sai wata 'yar murya ta fito daga ƙarƙashin wani kifaffen jirgi, kusa da mu ƙwarai.

"Kaka, in ya hito, ɗaure shi za a yi?"

Inna ta zabura, Kaka ta ɗaga mata sanda. Ba ta waiga ba. Ta ce, "Wa za ya ɗaure shi ina raye? Tsakiyar jirgi za a aza shi, kowa shi kama tuƙi."

"In kuma ya riga ya zama?"

"Bai zama ba. Mai jan ƙahwa ba ya tambaya. Taho ka sha ruwa, kowa shi gani."

Muka ji ƙasa tana motsi. Bashari ya fito da rarrafe, wandon sallar ya yi baƙi da laka, ya manne a ƙwaurinsa. Ya tsaya nesa da wuta yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kamar yana jiran ya ga wanda zai fara gudu. Kaka ta miƙa masa moɗa. Ya kafa kai ya shanye. Sai ta jawo shi jikinta, ta yage ƙafar wandon, ta sa aka kawo sabulu da ruwa, ta yi ta wanke ciwon yana kuka tana kuka. Da Baba ya dawo, ya saɓa shi a kafaɗa, suka nemi mota zuwa Yelwa. Ya sha allurai, an yi ta kai shi ana dawowa. Har aka yi girbi, duk lokacin da Bashari ya ɗauki moɗa, sai Kaka ta bar abin da take yi ta zuba masa ido har ya haɗiye.

Ba ta sake yin tatsuniyar nan da tsohon ƙarshenta ba. In muka roƙa, sai ta yi ta har inda tsohuwa ta koma da jirgi, ko da kuwa mun yi gunaguni cewa ta farkon ta fi daɗi. Kuma gaskiya ta fi daɗi, shi ya sa masu fim ba sa rabuwa da ita. Amma da na girma na haifi nawa, na ga yadda yaro yake ɓoye ƙuna, babba yake ɓoye tari, na fahimci abin da Kaka ta gani tana zaune a kan turmi. Duk gidan da aka saba ba da labarin yadda ake yar da wanda aka ciza, to an koya wa 'ya'yan gidan su ja riga su rufe. Har yau in ɗana ya yi shiru fiye da kima, ba na fara tambayarsa me ya yi. Ina fara gaya masa ba inda za ni.

Da samarin suka watse daga shagon Bashari, na ce, "Yaya, wai tun azahar har magariba me kake yi a ƙarƙashin jirgin nan?"

Ya yi dariya, ya ce shekara nawa sai yau zan tambaya. Ya ɗan shafa ƙwaurinsa ta saman wando. Ya ce akwai ruwan sama da ya taru a wani fasasshen tulu a wurin. "Duk bayan ɗan lokaci sai in kurɓa, in ji ko har yanzu ni ne."

Wani ya leƙo yana tambaya ko akwai sabon na zombi. Bashari ya karɓi wayarsa ya jona. Na sayi ruwan leda biyu wajen yarinyar da ke wucewa, na miƙa masa ɗaya, na zauna ina kallonsa har ya shanye.