Tukwanen Tudun Kwalkwalawa

Har gobe ban manta da ranar da diga ta fasa tukunya a tudun nan na bayan Kwalkwalawa ba. Saura kaɗan Turawa su tafi, ni ne heluma, wato shugaban leburori, a aikin hanya. Muna yankar tudun muna ɗibar jar ƙasa don ciko, ga damina ta ƙarato.

Tukunyar babba ce, an kife wata a bakinta. A ciki ƙasusuwan mutum ne, a zaune, gwiwa a ƙirji. Gefenta ga bakin wasu tukwanen. Na tsayar da aiki na aika wa injiniya, Bature. Ya zo ya leƙa, ya ce akwai doka a kan kayan mutanen da: kada a taɓa, kada a rufe, sai masu kula da kayan tarihi sun zo sun duba. In aka saɓa, a bakin aikina. Ni kuwa ba ni da gona, aikin nan ke ciyar da gidana.

Bayan la'asar mutanen ƙauye suka zo da fartanya, limaminsu a gaba, za su kwashe ƙasusuwan su kai maƙabarta. Na gaya musu umarnin injiniya. Na ce ai mutumin ma tun kafin zuwan addini yake.

Liman ya ce, "Ɗan Adam na, heluma. Ba mu barin shi kwana waje, ga karnuka na yawo."

Leburorina yawancinsu 'yan ƙauyen ne. Ɗaya bayan ɗaya suka koma bayan liman. Na waiwaya, ba kowa tare da ni.

Sai na roƙi a bar shi inda yake, a shimfiɗa zana a kai, a zuba yashi, a jera ƙaya kamar yadda ake wa sabon kabari. Liman ya yarda. Muka rufe kafin magariba.

Da safe injiniya ya tarar an rufe. Bai saurare ni ba, ya mai da ni lebura. Masu tarihin sun zo daga baya, suka yaye zana, suka iske komai a wurinsa. Suka kewaye tudun da duwatsu, aka karkata hanya. Ba wanda ya mai da mini helumancina.

Ku sababbin shiga aikin hanya, umarni daga sama yake zuwa, amma fushin mutane a kan na ƙasa yake sauka. In kuka ga tudu shi kaɗai cikin gonaki, manoma sun ƙi shuka a kansa, ku tambayi tsofaffi tukuna. Ba banza suka bar shi ba.