Bishiyar da Ke Bangon Otal

Burushi ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana zana koguna da duwatsu a bangon shagunan aski da bayan manyan motoci. Ba shi da yawan magana, amma Allah ya zuba masa riƙo. Abin da ya riƙe kuwa ba ƙarami ba ne. Mahaifinsu bai yi wata uku a ƙasa ba, yayansa ya sare bishiyar da tsohon yake wuni a gindinta, ya cike tafkin da ke gefenta, ya dasa otal a wurin.

Ana cikin yaɓen falon baƙi yayan ya kira shi.

"Ka yi min zane a bangon nan. Abu mai sanyaya rai."

"To, Yaya. Amma tun siminti na ɗanye zan fara."

Ranar buɗe otal, wani malamin zane ya tsaya gaban bangon, hannu a baya, yana yi wa baƙi bayani.

"Ku dubi ruwan nan, shuɗi, a kwance. Ku dubi yadda haske ya sauka a hankali. Wanda ya zana wannan zuciyarsa fes take."

Burushi ya sunkuyar da kai don kada dariya ta ƙwace masa. Sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ta matso da sandarta.

"Wace zuciya fes, Malam? Tafkin ɗan'uwana ne wannan. Ga bishiyarsa, ga takalmansa a gindinta, shi ne kawai babu. Dubi inda reshen can ya nuna."

Kowa ya bi reshen da ido. Kai tsaye ya miƙe zuwa ƙofar ofishin mai otal. Daɗi ya kama Burushi har cikin ƙashinsa.

Washegari yayan ya sa aka shafe bangon da farin fenti, har hawa uku. Bai san cewa da ƙusa ƙanensa ya fara zana komai a ɗanyen siminti ba. Kullum da safe, rana na shigowa ta taga, bishiyar sai ta fito da reshenta.

A mako na biyu yayan ya kira shi a waya.

"Don Allah ka zo ka cire min abin nan."

"Sai dai ka rushe bangon, Yaya," in ji Burushi. "Ai ka iya."