Randar Yaya Rakiya

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Rakiya makwancinta, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina aikena ba, duk da furfurata da kujerata a ma'aikatar tarayya. A cikin aiken da ta yi mini akwai guda da nake alfahari da shi har yau, kodayake a ranar ina ƙunƙuni na tafi.

Lokacin mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba. Abuja sai kumbura take yi, ko'ina gini, kowa da sabuwar waya a kunne. Jami'ar da Yaya take aiki ta ba ta wani ɗan ɗaki, aka kafa allo a ƙofa cewa nan ne ofishin ba ɗalibai shawara. Makonni suka shuɗe ba wanda ya leƙo, ba kuwa don ɗaliban ba su da damuwa ba. Duk wanda aka ga ya shiga ƙofar nan, kafin la'asar labari ya zaga cewa kansa ya taɓu, kuma ba mai son wannan magana ta isa gidansu.

Ran nan ta kira ni, wai in zo da mota mu je Ushafa. Ta zaga wurin mata masu ginin tukwane, ta ƙwanƙwasa wannan ta saurari waccan, har ta zaɓi wata ƙatuwar randa. Na ce, "Yaya, kowa na sayen firji, ke kina mayar da mu ƙauye?" Ta ce, "Kai dai tuƙa a hankali. In ta fashe, kai za ka dawo."

Ta sa aka cire allon. Ta girke randar a inuwar baranda dab da ƙofarta, ta kife moɗa a kan murfin. Wanda ya san ranar Abuja da bazara ba sai an gaya masa abin da ya biyo baya ba. Ɗalibai suka riƙa tururuwa, Musulmi da Kirista, ba mai iya bambance wanda ƙishirwa ta kawo da wanda damuwa ta kawo. Tarbiyyar gidanmu kawai ta ɗauko, inda ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa. Idan ta lura wani ya cika zuwa, yana sha yana jinkirin ajiye moɗa, sai ta ce randa ta yi ƙasa, ya zo ya taya ta ɗebo ruwa a famfo. A wannan 'yar tafiyar, da bokiti a hannu, ake yin maganar.

Haka ta kamo Bilkisu, 'yar Alhaji Sani, wani Bakatsine mai shagon atamfa a Karu. Yarinyar na karatun likita, ta yi ta faɗuwa jarrabawa, saura ƙiris a sallame ta. Uban bai sani ba, ya kuma riga ya cika kasuwa da labari, har maƙwabtan shago Dakta suke ce mata. Ta daina ci, ta daina barci. A hanyar famfo ta ce, "Mama, gara a kai masa gawata da in kai masa wannan labari." Bilkisu ce da bakinta ta gaya mini wannan bayan shekaru, don Yaya ba ta fitar da sirrin ɗalibi ko ga ɗan ɗakinsu.

Daga famfon Yaya ba ta bar ta ita kaɗai ba. Ta kai ta asibitin jami'a, ta bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya har aka yarda a mayar da ita sashen lissafi, inda take da ƙarfi tun asali. Saura uban. Nan ma ni aka kira da mota, na kai su wurinsa ita da Bilkisu.

Alhaji Sani ya saurara, ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Hajiya, da wane ido zan dubi mutanen kasuwa? Kowa fa ya san Dakta." Yaya ta ce, "Alhaji, mutanen kasuwa za su yi surutunsu su gaji, su koma kan farashin atamfa. Ku dai dubi wuyan yarinyar nan, ku dubi hannunta." Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Bilki, yaushe rabonki da abinci?" Bai jira amsa ba, ya tashi da kansa ya je ya sayo mata. Ban taɓa jin girman yayata a raina kamar ranar ba.

Kwanan baya na bi ta jami'ar. An gina sabuwar cibiyar kula da ɗalibai, da likitoci da ƙwararrun masu ba da shawara, har ta waya ana neman ganinsu. Na san da Yaya na nan da ta yi murna, don ta sha kukan rashin hannu. Amma na san halinta. Za ta tsaya gaban ƙofar cibiyar ta gilashi mai ƙaton allo, ta tambayi shugaban wurin ta ina mai jin kunya zai shiga. Ruwan sha kuwa yana can ciki, sai ka wuce teburin karɓar baƙi.

Ba ta bar gini da sunanta ba, randar ma ban san inda ta ƙare ba. Amma ranar gaisuwarta Alhaji Sani ya zo, ya riƙe hannuna ya ce, "Likita na rasa, Malam. Ba don ita ba, da 'yar zan rasa."

Bilkisu yanzu lissafi take koyarwa a wata makaranta a Lugbe. Makon jiya ta kira ni, wai akwai wani yaro a ajinta da shirunsa ya fara damunta, ko na tuna wurin matan nan na Ushafa. Na ce na tuna. Ta ce, "Kawu, ranar Asabar motarka na nan?"

Na ce tana nan, kuma zan tuƙa a hankali.